Gyaran Mota A Ƙofar Gida Ya Shafe Ki, Uwargida

'Yan'uwa mata, mun san wata za ta ga kan maganarmu ta yau ta riƙe baki ta ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan filin mata da sifana da baƙin mai? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Motar dai ta maigida ce, babur ɗin ma nasa ne, amma ƙofar gidan da ake kwance su nan ne wurin wasan 'ya'yanki, kwanon da ake tarar baƙin mai daga madafinki ya fito, kuma in tsautsayi ya auku, Allah ya kiyaye, ke ce mai zaman jinya.

Kowa ya san abin da ya kawo wannan hali. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, har kafin ƙarshen 2024 ta haye naira 1,000 a wurare da yawa. Kayan gyara su ma, da yake daga waje ake kawo yawancinsu, sun bi sahu. Saboda haka magidanci mai 'yar Golf ko Sharon da yake jigilar fasinja, ko malamin makaranta mai babur, in ya lissafa kuɗin bakanike sai ya ga gara ya zage damtse ya yi da kansa. A nan ƙasar Gumel akwai ƙarin dalili. Mutumin da ke wani ƙauye a Gagarawa ko Sule Tankarkar, kafin ya lallaɓa da mota zuwa gareji a Gumel ko Maigatari, ya ƙona mai, ya ɓata wuni guda.

Mu a wannan fili ba mu ga laifin haka ba. Tattali ne, kuma tattali abin yabo ne ga namiji da mace. Abin da muke cewa shi ne, gyaran gida yana da sharuɗɗa uku. A shirya masa tun da wuri, a san inda iyakarsa take, sa'an nan a tsare ran mai gyaran da na iyalinsa. Kuma tun da aikin ya shigo gida, uwargida tana da ta cewa a cikin duka ukun.

Mu fara da shiri. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, fatake na zuwa mata da dabbobi daga Nijar, masu saye kuma har daga Kudu, ranar ce mai mota yake samun na cefanen mako. Amma sau da yawa sai ranar Laraba bayan Magariba mutum zai tuna motarsa tana wani ƙara, ya buɗe bonet cikin duhu yana sauri. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da aka yi cikin gaggawa shi ne ake mance noti ba a ɗaure ba, gobe a ɗebi mutane a hau titi da shi. Ki lallashi maigida ya zaɓi ranar da ba shi da tafiya washegari, ya fara da sanyin safiya bayan injin ya kwana ya huce, don in aikin ya gagara a sami sauran rana a kira bakanike.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a amsa tambayoyi huɗu. Mene ne ainihin ciwon motar? Wane ƙarfe aikin yake bukata, kuma akwai shi a hannu? Nawa ne kuɗin abin da za a canza, nawa bakanike zai caja? In aka ɓata, nawa za a kashe wajen gyara ɓarnar? Tambaya ta huɗun ita ce mutane suke tsallakewa, alhali kuwa ita ce babba, domin garin gyaran gira ake rasa ido. Abin da za a canza kuma a je kanti da tsohon a hannu, a gwada lambarsa da ta sabon, saboda jabu ya cika kasuwa. Duk abin da aka kwance a jera shi a kan tsohon buhu bi da bi, yadda aka ciro haka za a mayar. In akwai waya mai ɗaukar hoto a gidan, a ɗauki hoton wurin kafin a kwance.

Sai iyaka. Dattawa na yawan tuna Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda mutum mai sifana da filaya da sukurdireba kan iya lallaɓa ta a bakin hanya. Motocin Kwatano na yanzu ba haka suke ba. Suna da ƙwaƙwalwar lantarki, waya ɗaya in aka haɗa ta ba daidai ba sai ta ƙone, kuɗinta kuwa ya ninka kuɗin bakanike sau da yawa. Abin da ya dace da gida shi ne duba baƙin mai da juye shi, duba ruwan lagireto, kaɗe ko canza matatar iska wadda ƙurar hunturu kan toshe, canza fulogi da fiyus da ƙwan fitila, goge kan batir, da canza taya. Amma birki, da sitiyari, da giya, da jakar iskar nan mai fashewa lokacin haɗari, da duk abin da ya shafi tankin mai, waɗannan na masu sana'ar ne. Birki musamman, domin ba ran maigida kaɗai ya ɗauka ba, har da na fasinja da na yaron da ke tsallaka titi. Sanin inda iyawar mutum ta tsaya ba gazawa ba ce.

Yanzu ga babbar maganar, watau tsaron rai. Abu na farko jak. Sunan jiharmu ma daga jigawa aka samo shi, ƙasarmu rairayi ce, jak kuwa gindinsa bai fi tafin hannu ba, nauyin ƙaramar mota kuma ya kai kilo 1,000 ko fiye. In aka kafa shi a kan rairayi yakan nutse ko ya goce ba tare da wata sanarwa ba. Sai a nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a sa faffaɗan katako mai kauri a ƙarƙashinsa, a ja birkin hannu, a bar motar a giya, a tokare sauran tayoyin gaba da baya. Kuma a riƙe wannan da kyau. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin mota don an dogara da shi. Wanda zai shiga lalle ne ya sa ƙafafun ƙarfen nan da kanikawa ke girke mota a kai. Bulon siminti ba ya maye gurbinsu, don yakan ruguje farat ɗaya. In an aiko ki ba da aron turmi a tokare mota, ki hana, turmi rami ne da shi, yakan tsage. Wajen canza taya kuwa, ana sassauta notuna tun motar tana ƙasa, a tura tayar da aka cire ƙarƙashin motar don ko ta kwana, sa'an nan a ƙarasa ɗaure notunan bayan an sauke ta, ana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi. Kada maigida ya shiga ƙarƙashin mota babu babban mutum a kusa, kuma kada yaro ya zauna a cikinta ko ya jingina da ita tana kan jak.

Abu na biyu fetur. Babu wanda ya mance da abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a daren 15 ga Oktoba, 2024, lokacin da tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150. Allah ya jiƙansu. Fetur ɗin da ke cikin jarka a zaure halinsa ɗaya da wancan. Abin da ke kamawa da wuta shi ne tururinsa, wanda ido ba ya gani, ya kuma fi iska nauyi, saboda haka yakan bi ƙasa ya malala kamar ruwa har ya iske murhu ko kaskon turare da ke can nesa. Don haka ranar da za a taɓa wani abu mai fetur a jiki, a nisanta aikin da madafi, kada a haska da aci-bal-bal ko kyandir ko fitilar ƙwai, sai tocila, kada kuma mai taba ya tsaya kallo. Kada a wanke hannu ko ƙarfe da fetur a cikin ɗaki. Kada a zuƙo shi da baki ta tiyo, domin ɗan kaɗan in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya kisa. A ajiye bokitin yashi a kusa, tare da tukunyar kashe gobara da ya kamata kowace mota ta kasance da ita. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, don man kan hau saman ruwan ya bi shi, wutar ta daɗa yaɗuwa.

Abu na uku hayaƙin salansa. A cikinsa akwai wata guba da masana ke kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, jini kuwa ya fi kama ta fiye da iskar oksijin da ke rayar da mu sau 200 da wani abu. Wanda ya shaƙe ta sai ya ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, daga nan ba ya tashi. Saboda haka ba a tayar da mota ko babur a cikin zaure ko rufaffen gareji, ko da sanyin hunturu ya kai yaya. Wannan doka ta haɗa da janareta, wanda wasu kan shigar da shi ciki da dare don tsoron ɓarayi. In kin ga mutum biyu ko uku a gida sun tashi da ciwon kai lokaci guda kuma akwai inji a kunne, ki fitar da kowa waje, a kashe injin, a nufi asibiti.

Abu na huɗu lagireto da batir. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40 a nan wajenmu, mota kan yi zafi, sai mutum ya yi maza ya murɗe murfin lagireto. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan tukunya, da an buɗe sai ya yi tsartuwa ya wanke fuska. A jira aƙalla rabin sa'a, a ɗora tsumma mai kauri, a murɗa a hankali. Batir kuma ruwansa asid ne mai cin fata da tufafi, yana kuma fitar da wata iska mai fashewa, musamman lokacin caji. In za a cire shi, ana fara kwance wayar da ke kan mai alamar ɗebewa, yawanci baƙa ce, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Dalili shi ne, jikin motar duka a haɗe yake da wannan kan, in aka fara da mai alamar tarawa sifana ta taɓa jikin mota, sai tartsatsi ya tashi. A cire zobe da agogo da awarwaro kafin a sa hannu. Haka kuma babbar riga ko rawani ko mayafi ko hijabi ba su kusantar injin da ke aiki, fambel kan fizge su cikin ƙiftawar ido. Fankar wasu motocin ma kan tashi da kanta bayan an kashe injin.

Abu na biyar kuwa naki ne ke kaɗai, watau abin da ya rage bayan an gama. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda yara kamar 400 suka rasu. Ba batir ya jawo wannan ba, duwatsun zinariya ne da ake kawowa cikin gidaje ana niƙawa a inda yara ke rarrafe. Amma darasin ɗaya ne, aikin waje in ya shigo tsakar gida, yara ne suke fara biyan kuɗinsa, kuma cikin batirin mota dalma ce fal. Kada a fasa tsohon batir a gida, kada a bar wa yara shi su yi wasa, a mayar wa masu sayarwa. Kada ki ba da kwano ko roba ta abinci a tari mai, in kuwa an riga an tara, ta bar madafi ke nan har abada. Kada a zuba fetur ko man birki ko ruwan lagireto mai launi a kwalbar lemo, domin yaro lemo zai ɗauka, wannan ruwa mai launi kuwa zaƙi ne da shi, kuma yana kashe ƙoda. Tsohon baƙin mai a rufe shi a jarka, kada a zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha, kada kuma a shafa shi a miki ko ƙazuwa kamar yadda wasu ke yi.

In kuma abin ya riga ya faru, ga abin yi. Ƙuna, a sa wurin cikin ruwan sanyi mai tsabta ana ta kwararawa har minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da gishiri ko kamu. Wanda tufafinsa suka kama wuta kada ya ruga, a kwantar da shi a lulluɓe da bargo a mirgina shi. Asid a ido ko a fata, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa minti 20 ko fiye. Yaron da ya sha fetur ko kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin wajen aman ne man ke shiga huhu. Duk waɗannan taimakon farko ne kawai, daga nan sai asibiti mafi kusa, a tafi da kwalbar abin da ya sha don likita ya gani.

Wata za ta ce, ai maigidana ba zai ji maganar mace a kan mota ba. To, magana iri-iri ce. Ba lokacin da yake kwance ƙarƙashin mota gumi na zuba, abokansa na tsaye, za ki leƙo ki ce ya yi ba daidai ba. Ki bari sai ya ci abinci ya huta, ki ce, "Malam, na tanadi katako da bokitin yashi da tsohuwar roba saboda ranar gyara, yaran kuma zan riƙe su a ciki har ka gama." Namijin kirki ba zai ƙi wannan ba, don taimako kika kawo masa. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa kuma, ai ba wanda ya yi musu, amma duk da haka kowa yana kulle ƙofarsa da dare.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, kuna da aiki a nan. Yawancin rubutun jikin mota da na littafinta da Turanci yake, ku ne za ku karanta wa Baba. Yawan iskar da taya ke bukata a rubuce yake, galibi a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma ana auna ta ne kafin tayar ta ɗauki zafi. A gefen taya akwai lambobi huɗu masu nuna ranar haihuwarta, in kin ga 2319, watau an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019, don haka za ki iya faɗa masa ko tsohuwa aka sayar masa. Ki sami littafin rubutu guda ki ja layi huɗu, na kwanan wata, da na kilomitar da agogon mota ya nuna, da na abin da aka canza, da na kuɗin da aka kashe. Kafin shekara ta zagayo, wannan ɗan littafi zai nuna wa gidanku ko gyaran gida riba ake ci ko hasara.

Kada kuma wani ya ce muku inji ba abin mata ba ne. A watan Agusta na 1888, wata Bajamushiya mai suna Bertha Benz, matar wanda ya ƙera motar farko mai amfani da fetur, ita ce ta fara yin doguwar tafiya a mota, kilomita sama da 100 daga Mannheim zuwa Pforzheim tare da 'ya'yanta biyu. Da bututun mai ya toshe a hanya, da tsinken hularta ta buɗe shi. Marigayiya Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu, a 1945 tana 'yar shekara 18, ta koyi tuƙi da gyaran motocin soja. A nan Nijeriya, Sandra Aguebor 'yar Jihar Edo ta kafa shirin koya wa mata kanikanci a 2004, a Sakkwato ma wata ƙungiyar mata mai suna NANA ta buɗe garejin da 'yan mata suka koyi wannan sana'a. Ba mu ce kowace yarinya ta zama bakanikiya ba. Amma malamar asibiti ko ta makaranta da ta sayi motar kanta, ya kamata ta iya duba sandar awon mai ta ga yana tsakanin alamomin nan biyu, ta kuma san fitilar da in ta kama a gaban direba tilas a tsaya.

Daga ƙarshe muna roƙon shugabannin makarantunmu na 'yan mata, da Kwalejin Ilmi ta Gumel mai horar da malamai, da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988, da shugabannin direbobi da na kanikawa, su riƙa ware rana ko sau ɗaya a zango a nuna wa ɗalibai waɗannan abubuwa a aikace, a gaban mota ta gaske. Malaman Islamiyyar matan aure su ma su ɗan taɓa batun ajiye fetur a ɗaki da taimakon farko. Kafin nan, uwargida, ki leƙa zaure da bayan ƙyaure yau ɗin nan, ki ga ko akwai jarka ko kwalba ko tsohon batir da ya kamata a kawar. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mana mazajenmu da 'ya'yanmu, a gida da kan hanya, amin.